Kist ɗin tsilar kare: ekografi, radiyo, gwajin jini, sikana ko IRM, wanne ya cancanci kuɗinku?

Idan aka yi wa mutum hoton ciki aka ga jakar ruwa a hantarsa, likita ya rubuta "kyste hydatique" (wato kist ɗin tsilar kare) da alamar tambaya, nan take shawarwari suke yin yawa. Wannan ya ce a yi sikana (hoton radiyo na kwamfuta mai nuna cikin jiki yanka-yanka), wancan ya ce a aika jini Yamai, wani ya ce a tsallaka Kano a yi IRM (hoton cikin jiki da ake ɗauka da maganaɗisu). Kowanne kuɗi ne, kuma gidaje da yawa a Damagaram ƙarfin guda ɗaya kawai gare su. Ra'ayinmu tun farko shi ne, ga kist ɗin da ke cikin ciki, ekografi mai kyau ita ce ginshiƙi, sauran hanyoyin kuwa kowacce da lokacin da ake bukatarta. Ga dalilai.

Abin da ake nema a gani

Mai haddasa cutar wata ƴar ƙaramar tsila ce, Echinococcus granulosus, tsawonta milimita 3 zuwa 6, mazauninta hanjin kare. Ƙwanta na fita da kashin kare, ya bi ƙasa da ciyawa da ruwa, ya maƙale a gashin karen. Tunkiya, akuya, saniya ko raƙumi idan suka haɗiye shi, sai kist ya tsiro musu a hanta ko huhu. Mahauta sun san shi sarai, shi ne ƙululun ruwan da ake yankewa a jefar, kuma karen da ya ci abin da aka jefar ya sake ɗaukar tsilar. Mutum ba ta cin naman yake kamuwa ba, ta haɗiyar ƙwan ne, daga hannu ko abinci ko ruwan sha. Shi ya sa makiyaya da masu karnukan gadi da na farauta, da yaran da ke wasa da karnuka, suka fi shiga haɗari, musamman a yankunan kiwo irin Tanut, Gure da Tesker.

Kusan kashi 70 cikin 100 na kist a hanta yake zama, kusan kashi 20 a huhu, ragowar a saifa, ƙoda, ƙashi ko ƙwaƙwalwa. Girmansa a hankali ne, yana iya shekaru bai nuna wata alama ba.

Ma'aunan zaɓi

Ma'auni na farko ya fi sauran nauyi: shin binciken zai nuna matakin da kist yake? Ba kowane kist ake yi wa tiyata ba. Wani magani ya ishe shi, wani allura ake sa masa a zuƙe, wani sai wuƙa, wani kuma ya riga ya mutu, taɓa shi ɓarna ce. Binciken da ya ce "akwai kist" bai faɗi matakinsa ba, rabin aiki ya yi.

Na biyu, wurin da kist yake, domin abin da ke ganin hanta ba lalle ya ga huhu ba. Na uku kuɗi, kuma a lissafa da kuɗin mota, masauki, abincin mai jinya da kwanakin aikin da za a rasa. Tun Satumban 2024 aka rage kuɗin bincike da rabi a asibitocin gwamnati na Nijar, amma kuɗin hanya yana nan yadda yake, kuma tsakanin Damagaram da Yamai kusan kilomita 900 ne. Na huɗu sauƙin samu. Na biyar haɗari ga jiki. Na ƙarshe, ko za a iya maimaita binciken sau da yawa, domin wannan cuta ana bibiyarta aƙalla shekara 5 ko bayan an yi magani.

Ekografi

Sauti ne wanda kunne ba ya ji ake aikawa cikin jiki ya dawo. Ruwa yana fitowa baƙi ƙirin a allon na'ura, tantani ya fito fari siriri, don haka kist mai ruwa da tantani abu ne da wannan na'ura take gani ƙwarai. Babu hasken radiyo a cikinta, ana yi wa mai ciki da jariri, ana maimaitawa ko sau nawa ne. A hotunan ciki ita ce mafi araha, ana samunta a Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram da dakunan shan magani masu zaman kansu, kuma akwai ƙananan na'urori masu batir da ake kaiwa har ruga.

Ƙarfinta an gwada shi tun da daɗewa a tsakanin makiyaya. A binciken da aka wallafa a 1987 kan Turkana, arewa maso yammacin Kenya, cikin mutum 2,644 da aka yi wa ekografi da gwajin jini duka biyu, na'urar ta gano 174 masu kist, jini kuwa 76 kawai ya nuna.

Yadda ya kamata a yi ta: mara lafiya ya bar abinci awa 6, ruwa kaɗai, don iskar hanji ta ragu, matsarmama ta cika. Ana farawa da lanƙwasasshen kan na'ura mai megahaz 3 zuwa 5, a bi ƙarƙashin haƙarƙari da tsakanin haƙarƙari, mutum yana jan numfashi ya riƙe. Sai a juya shi kan gefen hagu. Juyawar nan tana da amfani biyu: tana sauko da saman hanta, inda kist yake yawan ɓuya a bayan haƙarƙari, tana kuma motsa ƴan ƙwayoyin da ke kwance a ƙasan kist, waɗanda ake kira yashin kist, su tashi suna yawo a ruwan. Idan kist yana kusa da fata, miƙaƙƙen kan na'ura mai megahaz 7 zuwa 10 yana fito da bangon sosai. Ba a tsayawa a hanta. A duba saifa, ƙoda biyu da mara.

Dokta Hassen Gharbi na Tunisiya ne ya fara rarraba hotunan kist gida biyar a 1981. Daga baya ƙwararrun Hukumar Lafiya ta Duniya suka fitar da tsarin bai ɗaya, aka wallafa a 2003, kuma shi ne yake haɗa hoto da magani. Matakansa ana musu lamba daga CE1 zuwa CE5.

CE1 ɗaki ɗaya ne mai ruwa garau, bangonsa layi biyu, wani lokaci da yashi. Rayayye ne. Idan bai kai santimita 5 ba ana iya gwada maganin tsutsa albendazol shi kaɗai. Idan ya wuce, ana huda shi da allura ƙarƙashin kallon ekografi, a zuƙe ruwan, a zuba ruwan gishiri mai kauri (kashi 20 cikin 100) ko alkol mai kashi 95, a sake zuƙewa. Wannan aikin ake kira PAIR.

CE2 cike yake da ƴaƴa, wato ƙananan kist a cikin babban, hotonsa kamar saƙar zuma. Rayayye ne sosai, kuma PAIR ba ta yi masa, domin allura ba ta kaiwa kowane ɗa. Mafi yawa tiyata ce tare da albendazol.

CE3a tantanin ciki ne ya saki bango yana lilo a ruwa, alamar da ake kira ta bado. Maganinsa irin na CE1 ne, kuma yakan karɓi magani da kyau. CE3b kuwa ƴaƴa ne a cikin daskararren abu. Lambarsu ɗaya amma halinsu ya sha bamban: CE3b shi ne mai taurin kai, yakan lafa da magani sannan ya dawo, don haka ana ɗaukarsa kamar CE2.

CE4 ya daskare, babu ƴaƴa, ana ganin lanƙwasassun layuka kamar dunƙulen zare. CE5 bangonsa ya ƙanƙare, yana jefa baƙar inuwa a bayansa. Waɗannan biyu, idan ba su kawo matsala ba, ba a ba su magani, ba a yanka su. Kallo kawai ake yi.

Akwai kuma CL, jakar ruwa mai ɗaki ɗaya wadda ba a ga bango mai layi biyu ba. Ba a ce tsila ce ba, ba a ce ba ita ba ce.

Wani tarko da ya kamata kowa ya sani a nan ƙasar, inda rahotanni da yawa har yanzu da tsarin Gharbi ake rubuta su: lambobin biyu ba su yi daidai ba. Gharbi na II shi ne CE3a, Gharbi na III shi ne CE2. Wanda ya ga "II" ya ɗauka CE2 ne zai iya tura mutum tiyatar da ba ya bukata, wanda ya ga "III" ya ɗauka CE3a ne zai iya huda kist mai ƴaƴa. A nemi mai rahoton ya rubuta tsarin da ya bi.

Rahoto mai amfani zai faɗi yawan kist, sashen hantar da kowanne yake (hanta sashe 8 ce), girmansa ta fuska uku, yanayin bango da abin da ke ciki, matakinsa, da ko hanyoyin matsarmama sun buɗe. A karɓi hoton da aka buga a adana, domin da shi za a gwada na gaba.

Rauninta kuwa a fili yake. Ingancinta na hannun mai riƙe da na'urar ne, kuma wanda ya saba da awon ciki na mata kawai ba lalle ya bambance CE1 da jakar ruwa ta banza ba, wadda ba ta da bango kuma ba ta cutarwa. Iska da ƙashi suna tare sauti, don haka ba ta ganin tsakiyar huhu, ba ta ganin ƙwaƙwalwar babba. Ƙiba da kumburin ciki suna dusashe hoto. Ƙaramar kafa tsakanin kist da hanyar matsarmama takan kuɓuce mata, alhali wannan kafa ita ce ke hana PAIR, domin ruwan gishiri ko alkol idan ya shiga hanyar matsarmama yana ƙona ta ƙunar da ba ta warkewa. Kist da ya wuce santimita 7 da rabi ya fi yawan samun wannan kafa. Sannan abu biyu da suka yawaita a wajenmu suna rikita hoto: ƙurjin hanta na amiba, wanda ke zuwa da zazzaɓi da zafi idan an danna, da kansar hanta mai bin ciwon hanta nau'in B, wadda kan yi kama da CE4. Dopla, wato ekografi mai nuna gudun jini, tana taimakawa, domin jini ba ya gudana cikin kist, amma ba kullum take raba gardama ba. Idan aka yi shakkar ekografin farko, sake ta wurin ƙwararren likitan hoto ya fi araha, kuma sau da yawa ya fi amfani, a kan tsallakawa sikana.

Radiyon ƙirji

Ba ta da abin faɗa kan hanta, sai dai ta nuna ƙanƙararren bango ko tantanin da ya raba ƙirji da ciki ya ɗaga. Amma ga huhu ita ce farkon mataki: kist da bai fashe ba yana fitowa zagayayye fari mai santsin baki, wanda ya fashe kuma ana ganin iska a sama, ruwa a ƙasa, tantani na iyo. Araha ce, asibitocin gunduma suna da ita, haskenta kaɗan ne. Duk wanda aka ga kist a hantarsa ya yi ta sau ɗaya, gaba da gefe, ko ba ya tari. Dalilin shi ne kist ɗin huhu yana iya fashewa idan aka fara albendazol ko aka sa mutum barcin tiyata ba a san da shi ba.

Gwajin jini

Nan ne mutane suka fi yin asarar kuɗi, saboda zaton jini ba ya ƙarya. Gwajin ba tsilar yake gani ba, martanin garkuwar jiki yake aunawa. Kist mai lafiyayyen bango yana ɓoye kansa daga garkuwar, don haka kashi 10 zuwa 20 na masu kist a hanta, da kusan kashi 40 na masu shi a huhu, jininsu ba ya nuna komai. Sabon CE1 da matattun CE4 da CE5 su ne suka fi fitowa babu. Ta ɗaya gefen, wasu tsutsotsin kan sa gwajin ya nuna akwai alhali babu, kuma wanda ya warke jininsa na iya ci gaba da nunawa shekaru. Ke nan ba ya faɗin wuri, ba ya faɗin girma, ba ya faɗin mataki, ba ya tabbatar da warkewa. Ba kowane laburatuwar ke yin sa ba, sau da yawa sai an aika jinin nesa, a jira.

Amfaninsa na gaskiya wuri ɗaya ne: idan hoto ya tsaya a CL ko wani abu mai shakka, sakamakon "akwai" yana ƙarfafa zato. Sakamakon "babu" ba ya wanke mutum. Haka ma ƙidayar eyozinofil (wani nau'in fararen ƙwayoyin jini) a gwajin jini na yau da kullum, takan zauna daidai sai idan kist ya yi yoyo.

Sikana

Tsadarta ninkin ekografi ne sau da yawa, sai a manyan asibitoci, kuma kafin a kama hanya ya kamata a tabbatar na'urar tana aiki a ranar. Hasken sikanar ciki guda ɗaya ya kai na radiyon ƙirji kusan 100, don haka ba abin maimaitawa ba ce duk wata 6, ba a yi wa mai ciki sai dole, yaro kuma sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Ruwan allurar da ke haska hoto yana iya taɓa ƙoda ko ya tayar da borin jini, shi ya sa ake auna kireyatinin, ma'aunin lafiyar ƙoda, tukuna.

Abin da ake saya da wannan kuɗin shi ne taswira. Sikana tana nuna jiki gaba ɗaya, huhu da ƙashi da bayan ciki, tana nuna kusancin kist da manyan jijiyoyin jini, tana ganin ƙanƙarar bango fiye da kowace hanya, tana gano fashewa da ruɓa. Likitan tiyata yana bukatar wannan kafin ya buɗe babban kist ko masu yawa. Amma a kan ma'auninmu na farko ekografi ta fi ta. Siraran tantani da ƴaƴan da ke cikin daskararren abu sukan ɓace mata, har CE3b mai rai ya fito kamar mataccen CE4. Wanda ya biya sikana don sanin mataki ya biya da yawa ya sami ƙasa da abin da ekografi za ta ba shi.

IRM

Ita ce ta fi tsada, ta fi wuyar samu, yawanci sai an yi tafiya. Babu hasken radiyo, amma mutum zai kwanta shiru fiye da rabin awa cikin rami mai ƙara, kuma mai ƙarfe ko na'urar bugun zuciya a jiki dole ya faɗa tukuna. Tana fito da cikin kist kusan yadda ekografi ke yi, kuma babu kamarta wajen ganin hanyoyin matsarmama, ƙwaƙwalwa da ƙashin baya.

| Hanya | Inda ta fi ƙarfi | Sanin mataki | Kuɗi da samuwa | Haɗari da maimaitawa |
|---|---|---|---|---|
| Ekografi | hanta, saifa, ƙoda, mara | mafi kyau | araha, a kusa | babu haske, a maimaita yadda ake so |
| Radiyon ƙirji | huhu | kaɗan | araha, har gunduma | haske kaɗan |
| Gwajin jini | ƙarfafa zato | babu | matsakaici, akan aika nesa | babu haɗari, ba ya bibiya |
| Sikana | huhu, ƙashi, shirin tiyata | matsakaici | tsada, babban asibiti | haske mai yawa, allurar haska hoto |
| IRM | matsarmama, ƙwaƙwalwa, ƙashin baya | mai kyau | mafi tsada, sai tafiya | babu haske, ƙarfe a jiki na hanawa |

Akwai hanya guda da ba mu sa a jadawalin ba da gangan, wato huda kumburi da allura "a ga abin da ke ciki". Ruwan kist idan ya zube cikin jiki yana iya kawo borin jini mai tsanani da faɗuwar bugun jini cikin mintoci, kuma kowace ƙwayar yashi na iya zama sabon kist. Ƙwararru suna yin hudar idan hoto da jini sun kasa, amma ƙarƙashin kallon ekografi, ta cikin naman hanta, bayan an fara albendazol, ga allurar gaggawa ta adirenalin a kusa. Kist ɗin huhu ba a huda shi ko kaɗan. Tsaga da ƙaho a kan kumburin gefen dama su ma a bar su.

Wa ya dace da wanne

Wanda aka ga kist a hantarsa, ba zazzaɓi, ba ciwon shawara: ekografi wurin ƙwararre tare da radiyon ƙirji. Idan ta fito CE1, CE2 ko CE3 da alamominta bayyanannu, hoton ya isa shaida, kuɗin sikana a ajiye shi don magani, sai idan za a yi tiyata. Albendazol ana shan miligiram 10 zuwa 15 a kowane kilo na nauyin jiki a rana, a raba biyu, da abinci mai maiƙo, wata 3 zuwa 6, ana auna lafiyar hanta da ƙwayoyin jini a kai a kai. Wannan ma kuɗi ne da ya kamata a tanada tun farko.

Wanda hotonsa ya nuna CE4 ko CE5 kuma ba ya jin komai: ekografi sau ɗaya a shekara, a riƙa zuwa da tsohon hoto. Amma idan yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, ko yana ramewa, kuma abin da aka gani daskararre ne, sikana mai allura ta zama dole don a kawar da kansa.

Wanda aka rubuta wa CL: nan ne gwajin jini ya cancanci kuɗinsa, sannan a sake ekografi bayan wata 3 zuwa 6.

Wanda za a yi wa tiyata, saboda CE2 ko CE3b, ko kist ya wuce santimita 10, ko suna da yawa: sikana. Idan ana zaton ya haɗu da hanyar matsarmama kuma akwai hali, IRM ta fi.

Mai ciki da ƙaramin yaro: ekografi, kuma idan ta gaza IRM kafin sikana. Ba a ba mai ciki albendazol a watanni ukun farko.

Mai tari da ciwon ƙirji, ko wanda ya tofar da ruwa mai gishiri da ɓaɓɓakin farin tantani: radiyo, sannan sikana, a kuma gwada majina don tarin fuka, domin su biyun sukan rikita juna. Mai farfaɗiya ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko ciwon baya da mutuwar ƙafa, alhali an san yana da kist a wani wuri: sikana ko IRM kai tsaye, ekografi ba ta da aiki a nan.

Gidan da aka sami mutum ɗaya da cutar: sauran mutanen gidan su yi ekografi, domin kare ɗaya da rijiya ɗaya suka haɗa su. Karnukan a ba su maganin tsila firazikwantel, miligiram 5 a kowane kilo, ana maimaitawa duk mako 6, a kuma ƙone ko a binne da zurfi duk hanta da huhun da aka ga ƙululu a ciki, musamman lokacin layya da ake yanka a gida.

Mai kist da idonsa ya yi shawara da zazzaɓi da rawar sanyi, ko wanda ciki ya murɗe masa farat ɗaya bayan faɗuwa ko naushin dabba, jiki ya yi bori, numfashi ya sarƙe: wannan ba ya jiran zaɓi. A kai shi sashen gaggawa na Babban Asibitin Ƙasa ko asibiti mafi kusa mai ɗakin tiyata, a gaya wa likita tun a ƙofa cewa yana da kist, a miƙa masa tsohon hoton.